Baƙin ulu da rigar da ba a taɓa sawa ba

Shekaranjiya 'yar ƙanena ta shigo da leda cike da ulu baƙi wuluk, dunƙule 8, da allurar saƙa siririya kamar tsinken tsire. Ta miƙo mini waya, "Gwaggo, irin wannan zan yi kafin sanyi ya kankama." Rigar sanyi ce ta maza, mai kitso-kitso a gaba. Na ce kin taɓa ɗora zare a kan allura? Wai ta kalli bidiyo har uku. Na ce wa za a saƙa wa? Sai ta sunkuyar da kai tana murmushi. Nan take na tuna da kaina.

Ina amarya a Jos na yi wannan wautar. Wanda ya taɓa kwana a Jos cikin Disamba ya san sanyin garin ba na wasa ba ne, ga maigida yana sammakon fita. Wata maƙwabciyata ta nuna mini yadda ake ɗora ido, wato madaukan zare a kan allura, da saƙar gaba da ta baya, kwana biyu kacal. A rana ta uku na ce mata na iya. Ta ce in fara da ɗan mayafin wuya ko hular jariri. Na ji kamar ta raina ni.

Baƙin ulu na saya, wai don kada ya nuna datti. Ashe a baƙi ba a ganin ido, balle da dare a gaban fitilar ƙwai, lokacin da nake samun sukunin zama. Ido ɗaya ya zame, ban lura ba sai da ya zarce ƙasa kamar tsani. Da na san kwarashi yana kamo shi layi-layi, da ban warware aikin sati guda ba. Ga ɗaure zare tamau, allura ba ta shiga sai da kokawa, yatsana har ya yi kanta. Amma fa a yi mini adalci: babu waya a lokacin, babu littafi, kuma surukata tana leƙowa tana tambayar ina aka kwana. Wa zai koma wa hular jariri a gabanta?

Ban gwada ba kafin in fara. Masu sana'ar sukan saƙa ɗan ƙyalle, santimita 10 tsawo da faɗi, su ƙirga ido nawa ya shiga, sannan su san nawa za su ɗora. Ni ido na rufe na ɗora. Gaban riga ya fito zai ɗauki mutum biyu, bayan rigar kuma ya tsuke don lokacin hannuna ya fara gajiya. Ana tsakiyar hannu na biyu ulu ya ƙare. Na koma kasuwa na sayo baƙi, tunda baƙi baƙi ne. Ba haka ba ne. A takardar da ke naɗe da dunƙule akwai lambar rini, ni kuwa na daɗe da hura wuta da takardun. A rana sai ga hannu ɗaya ya yi ja-ja. Da bakin rigar ya riƙa nannaɗewa, na ɗora masa dutsen guga mai zafi. Ulun roba ne, ya lafe ya yi ƙyalli, wani wurin ya ƙone. Maigida ya ɗaga ta, ya juya, ya ce, "Sannu da ƙoƙari." Hunturu ya riga ya wuce. Har yau ina cewa da wancan mai kanti ya gaya mini maganar lamba, da rigar ta sawu. Ƙarya nake, ba za ta sawu ba.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu ba ku da haƙurin ji. Kafin ku iya ɗora ido kun buɗe shafin talla, kuna karɓar kuɗin kayan suna.

Ki sayi ulu mai haske, mai ɗan kauri, dunƙule ɗaya, da allura mai milimita 4 ko 5. Ki yi ta saƙar gaba zalla, ita ba ta nannaɗewa, har hannunki ya saki. Ki ƙirga ido a ƙarshen kowane layi. Takardar ulu kuwa ki adana ta kamar rasit ɗin fili.

In kin yi kuskure ki warware, babu kunya. To, amma kada ki cika warwarewa, na san wadda ta shekara tana warware layi goma, ulun ya tsufa a hannunta ba ta gama komai ba. Kuma gaskiya ƙaramin abu yana da gundura. Ni da hular jaririn na fara, wataƙila da na watsar tun sati na farko, son rigar nan ne ya zaunar da ni. Saboda haka ki saƙa abin da ranki yake so. Ban da baƙi dai.

Na faɗa wa 'yar tawa duk wannan, rabin hankalinta yana kan waya. Na ɗauko mata ragowar ulu ruwan ƙwai da allurata, na ce ta kawo mini layi 20 ranar Juma'a. Ta karɓa, ta ce, "To Gwaggo, amma in na gama zan fara rigar ko?" Ledar baƙin tana ƙarƙashin gadona, na ce ta bar ta a nan tukuna.