Aska takwas da hannun da ke zana ta

A unguwarmu ta cikin birnin Zariya, aikin babbar riga daga tawada yake farawa. Idan tela ya gama haɗa rigar ya fitar da wuya, sai a kai ta wurin mai zane. Shi zai shimfiɗa ta a tabarma, ya ɗauko alƙalamin kara da kurtun tawada, irin dai waɗanda almajiri ke rubuta allo da su, ya zana aikin gaba ɗaya kafin wani ya soka allura. Kawuna, yayan mahaifiyata, sana'arsa ke nan ban da karantar da yara safe da dare. Ba shi da abin awo, ba shi da takardar kwafi. In zai fitar da da'ira sai ya kife ƙoƙo ya bi bakinsa, sauran kuwa duk a kansa suke. Ni aikina shi ne riƙe gefen rigar kada ta tattare, kuma na sha ranƙwashi a kan haka.

Wanda bai taɓa tsayawa ya ƙare wa rigar kallo ba zai ɗauka zare ne kawai aka zuba. Akwai tsari. Babban aljihu yana ɓangaren hagu na ƙirji, kuma can ne nauyin aikin yake. Daga sama askake ke saukowa, dogaye masu tsini, bakinsu na kallon ƙasa. In biyu ne a ce aska biyu, in takwas ne a ce aska takwas. A ɓangaren dama akwai tambari, wato zagayen nan mai naɗewa, sannan a sake yin wani a baya, ta yadda ko mutum ya juya ya tafi rigarsa ba ta daina magana ba. Tsakanin waɗannan ake cusa ƙananan zane: gidan biyar, da dagi, da 'yan ramukan da ake huda yadi a ɗaure bakinsu da zare ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan ramukan su ke cinye ido da watanni.

Irin wannan riga ta yi tashe sosai a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, lokacin da garuruwa da yawa suka koma ƙarƙashin tuta ɗaya, fatake suka samu hanya daga Sakkwato zuwa Kano, Zazzau, Bida har Ilori. Riga a lokacin dukiya ce, kuma harshen sarauta ce. Sarki in ya ji daɗin bawansa ko malaminsa ko wani baƙo, riga yake ba shi. In za a naɗa mutum, da riga da rawani ake tabbatar masa. Saboda haka ana iya karanta matsayin mutum daga nesa, daga yadin da yawan aikin da irin zaren. Akwai saƙi, baƙin yadin nan mai ɗigon fari kamar gashin zabo. Akwai tsamiya, silikin da ake samu daga gidan wata tsutsa ta daji, wanda ba shi da walƙiya amma yana da daraja. Akwai kuma alharini, jan silikin da ke ƙetaro Sahara daga wajen Tarabulus, wanda ake yi wa rigar shafi da shi daga ciki, don in mai ita ya naɗe hannun riga a kafaɗa jan ya bayyana. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbutu da Gat da Tarabulus.

Wani abin da ba mu cika faɗa ba shi ne rabon Nufawa a cikin wannan aiki. Masaƙan Nufe da masu ɗinkinsu sun yi suna ƙwarai, har rigar Nufe ta zama abin nema a kasuwannin ƙasar Hausa, kuma Yarabawa ma suna sa irin wannan aikin a agbadarsu. Duk wanda ya ce aska takwas tamu ce mu kaɗai, bai bi sawun rigar ba.

To me askaken ke nufi? Na taɓa tambayar Kawu, ina ɗan sakandare, bayan wani malaminmu ya ce kowane zane na gargajiya yana da fassara.

"Kawu, me ya sa takwas? Me ya hana bakwai?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kai ɗan nan, haka muka tarar. Riƙe mini nan."

Da ya gama layin da yake ja, sai ya ƙara da cewa mutanen da suna ɗaukar ƙarfe mai kaifi a matsayin kariya daga baki da kambun ido, kuma gidan biyar ɗan'uwan hatimi ne, irin wanda malamai ke zanawa a raba shi gida-gida a cika da haruffa. Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma na fi yarda da shi a kan dogayen bayanan da nake gani yanzu a Facebook, inda za a jera zane goma a manna wa kowanne ma'ana guda: wannan jarumta, wancan haƙuri, wancan zumunci. Masu aikin ba haka suka riƙe shi ba. Sun san sunan kowane zane, sun san mazauninsa a jikin riga, sun san wanda ya isa ya sa shi da wanda in ya sa za a ce ya yi shigar da ta fi ƙarfinsa. Alaƙar da ke tsakanin zanen da rubutun malamai kuwa a fili take, tunda mutum ɗaya ne ke yin duka biyun. Hannun da ya yi wa allon mai sauka zayyana da safe, shi zai zana aljihun riga da la'asar.

Dagi ya fi kowanne shan wannan fassara. Yau da an gan shi sai a ce tambarin Arewa, kuma gaskiya ne. A zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966, aka ɗauke shi ya zama alamar yankin, aka ɗora masa ma'anar haɗin kan al'ummu mabambanta, saboda zaren nasa yana shiga yana fita ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa. Zaɓi ne mai kyau, ba ni da ja. Amma dagi ya girmi wannan siyasa nesa ba kusa ba. Yana jikin riguna, yana jikin tim-tim da jakunkunan dukawa, yana bangon gidaje tun kafin a san za a yi wata gwamnati a Kaduna. Ana ganin irinsa a sassaƙa da aikin duwatsun ado na Yarabawa, har ma a daɓen gine-ginen Rumawan da. Ma'anar haɗin kai tana da ranar haihuwa, kuma ba laifi ba ne a faɗi haka.

Daga riga zanen ya hau bango, ko kuma daga bango ya sauko riga, domin magina da maɗinka maƙwabtan juna ne, kowa na leƙen aikin kowa. Mu Zazzagawa abin alfaharinmu a nan shi ne tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da ƙasa da azara ya ɗaga bakan gizon nan, kuma ya bi ginshiƙai da bango da zane mai tudu, layuka da zagaye da kusurwoyi, ba hoton mutum ba na dabba. An lulluɓe tsohon ginin da sabo daga baya, har yanzu kuma akwai unguwar da ke amsa sunan Babban Gwani a cikin birni. Hatta kayan aikin suna da dangantaka da tufafi: katsin da ake kwashewa daga gindin karofin marina, shi ake ƙonawa a haɗa laso da shi, a shafe soro don ruwa kada ya ci shi.

Abin da ya fi burge ni a zanen gidajen Zariya shi ne na tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da 'yan kasuwa suka samu kuɗi, siminti ya shigo, kowa yana son ƙofar zaurensa ta fi ta maƙwabci. A nan za ka ga dagi da takobi, a gefensu kuma keke, ko agogo, ko mota, ko jirgin sama. Akwai wani zaure a hanyarmu ta zuwa makarantar allo da aka yi wa keke a saman ƙofa, har da ƙararrawarsa da fitila. Maginin da ya yi shi bai ji yana saɓa wa gargajiya ba. Mai gida ya mallaki abin da ake yayi, yana so a sani, shi ke nan. An rushe zauren an yi shaguna, kuma ban san wanda ya ɗauki hotonsa ba.

Ɗinkin hannu dai bai mutu ba, hannu ya sauya. A zamanin kakanninmu aikin maza ne, malamai da manyan almajirai a zaure. Yanzu a cikin birni mata ne suka fi riƙe shi a cikin gida, tsakanin girki da raino, a kawo musu riga an riga an zana, su cike, dillali ya karɓa ya kai wa masu bugu su fitar mata da ƙyalli, daga nan sai kasuwa. Ladan da ke isa hannun wadda ta yi watanni tana huda ramukan nan bai taka kara ya karya ba, in aka kwatanta da kuɗin da ake sayar da rigar a Abuja ko Kano. Ga kuma injin kwamfuta da ke fitar da aska takwas a wuni guda. Ba na ƙyamar na inji, ina da shi, shi nake sawa zuwa ɗaurin aure in ana ruwa. In kana son ka bambance su, juya rigar ka duba cikinta. Na inji bayansa shafe yake da takardar da aka manna, zaren ƙasa ya tafi sambal. Na hannu za ka ga ƙulli, da wurin da zare ya ƙare aka ɗaura wani, wani lokaci har da sauran tawadar mai zane da wanki bai gama fitarwa ba.