Dakarun Italiya da Sifaniya a tafin hannu

Sana'ata zubin ƴan mutum-mutumin sojoji ce, masu tsayin milimita 28, irin waɗanda masu wasan yaƙi a kan tebur ke saya su yi musu fenti, su jera su runduna-runduna, su fafata da tef na awo da ƙwayar lido. Shagona yana Nottingham a Ingila, garin da kamfanonin wannan sana'a irin su Games Workshop da Warlord Games da Perry Miniatures suka yi kaka-gida. A gaban waɗannan manya, ƙaramin mai sana'a dole ya nemi lungun da zai ci abinci. Nawa lungun shi ne dakarun Italiya da Sifaniya na ƙarshen ƙarni na 15 da farkon na 16.

Barade sun fi ɗaukar ido, amma dakaru ke biya mini kuɗin haya. Mai saye zai ɗauki jarumi ɗaya a kan doki, sannan ya kwashi masu mashi buhu-buhu don ya cika sahu.

Kowane soja da waya yake farawa. In lanƙwasa ta ta zama ƙashinsa, in ɗora koren danƙon nan da ke taurarewa cikin ƴan sa'o'i, in fitar da sulke da maɗaurin takalmi da tsinin allura. Daga nan sai a danne shi tsakanin faifan roba biyu, da zafi da nauyi, har ya bar gurbinsa. A barbaɗa hoda, a sa faifan a inji yana juyi, a kwarara narkakkiyar kuza ta tsakiya, juyin ya watsa ta kowane lungu. Mazubin nan shi ke da ta-cewa kan yadda soja zai tsaya: hannun da ya yi gaba da yawa maƙalewa yake, ya yaga roba. Dogon mashi kuwa ba na zuba shi sam, don kuza lanƙwashewa take. Tafin hannun nake hudawa, mai saye ya zura wayar ƙarfe.

Inda ake sa zare da masu saye shi ne kwalkwali. Mutumin Italiya ina ba shi barbuta, mai rufe kunci ya bar ido da baki, ko in sa shi bayan doguwar garkuwar katako da bakansa mai kunama. Na Sifaniya takobi ne da zagayayyiyar garkuwar ƙarfe, wasu kuma da adarga, garkuwar fatar da suka gada daga Musulmin Andalus, waɗanda masarautarsu ta Granada ta kuɓuce musu a 1492. Sai ka ji wani ya nace sai an sa wa sojan Gonzalo de Córdoba, kwamandan Sifaniya, kwalkwalin nan mai zanko da ake gani a finafinai. Ba na yi. Sai da ƙarni na 16 ya yi nisa ya yaɗu, kuma masu sayena sun san tarihi, ba za su raga mini ba.

Waɗanda suka fi tafiya yanzu su ne masu bindigar toka na yaƙin Cerignola na Italiya, a 1503, inda mutanen Gonzalo suka laɓe bayan rami suka kassara baraden Faransa da masu mashin Suwizalan. Siririn bakin bindigar nan sau da yawa ba ya cika a zubi, don haka nakan ƙara masa kauri kaɗan fiye da na gaskiya. Wanda duk ya fito guntu, tukunya yake komawa a narke shi.