Batir kamar kwabo ya kusa sa ni yin fomatin

Talata, da dare.

Sanyin Jos na bana ba dama. Sai wajen ƙarfe tara na iya fitowa daga Unguwar Rogo, ina isa shago a Bauchi Road na tarar da yarona tsaye, hannu a hammata. "Oga, babbar kwamfuta ta ƙi tashi." A kanta muke buga wa 'yan jami'a furojet, aikin mutum shida na ciki, ko ɗaya ban kwafa a filas ba. Wannan kam sakacina ne.

Na danna makunni. Fanka na juyawa, fitila ta kama, sikirin kuwa baƙi ƙirin. Na zare waya daga soket, na danne makunnin na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, sannan na kwance murfi. Ƙurar hunturu ta yi wa madabod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kai, bargo, har ba a ganin rubutun jikinsa. Bayan na kakkaɓe, na cire ram, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, duka biyun na kunna ta haka nan. Nan take ta fara kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Sai na ji hankalina ya ɗan kwanta, don madabod ɗin da ya iya kukan rashin ram da sauran ransa. Na goge bakin ram ɗin da kilinar fensir har ruwan zinaren ya fito, na mayar ɗaya bayan ɗaya, ina dannawa sai maƙallan sun ce ƙas.

Hoto ya zo, amma da ƙorafi: agogo da kwanan wata sun koma shekarun baya. Batirin CMOS ke nan, ɗan fai-fai ɗin nan CR2032 da ke riƙe wa BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, saitinsa idan babu wuta. Bolt 3 ya kamata ya bayar, mita ta nuna bai kai 2 ba. Na aiki yaro kasuwar Taminus wurin masu agogo ya sayo, na sa, na gyara lokaci, har na fara cika baki.

Ashe da sauran rina a kaba. Windows na fara juyawa sai shuɗin sikirin, da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE a ƙasa, wato ta kasa kaiwa ga ma'ajiyar da take tashi daga ciki. Sau uku tana haka. Yaro ya ce, "Oga, had-dis ne ya tafi, a yi fomatin kawai." Yaran yanzu ko mura kwamfuta ta yi, fomatin ne maganinsu, wato a goge komai a fara sabo. Ana cikin haka wata ɗaliba ta leƙo. "Malam, gobe fa zan kai wa sufabaiza." Na ce ta dawo bayan la'asar, ni kaina ban san me zan ba ta ba.

Abin da ya hana ni bin shawarar yaro shi ne BIOS na ganin had-dis ɗin, da sunansa da girmansa. Kayan da ya mutu ba kasafai yake amsa suna haka ba. Sai da na idar da azahar abin ya faɗo mini. Kwamfutar 'yar gwanjo ce, irin ta ofis, kuma daga kamfani saitin SATA ɗinta, wato hanyar da take magana da had-dis, a kan tsarin RAID yake. Ni da hannuna na mayar da shi ɗaya tsarin, AHCI, ranar da na ɗora mata Windows. Da batir ya mutu, BIOS ya mance, ya koma yadda aka haife shi. Ita kuwa Windows direban AHCI, wato 'yar manhajar da ke sarrafa had-dis a wannan tsarin, kaɗai take lodawa wajen tashi, na RAID, wato na Intel RST, ba ya cikin waɗanda take kira a lokacin. Kamar ka miƙa wa mai Keke Napep makullin tirela ne: mota lafiya lau, kaya na ciki, amma babu mai ja.

Na shiga BIOS, na mayar AHCI, na adana. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga fayilolin mutane reras. Yaro ya yi tsit, can ya ce dama ya yi tunanin haka.

Kafin in buga wa kowa ko shafi ɗaya na kwashe komai a filas biyu. Ɗalibar ta karɓi aikinta ƙarfe biyar saura. Na yanki takarda na rubuta "SATA: AHCI", na manna a cikin murfin da salatif.

Abin da ke raina yanzu daban ne. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafin Windows 10, ita kuma wannan tsohuwar ba ta da na'urar tsaro ta TPM 2.0 da Windows 11 ke nema. Sai dai kuɗin sabuwa ba na wannan watan ba ne. Gobe in Allah ya kai mu zan auna batirin ƙaramar da ke kusa da injin fotokwafi, don sa'ar wannan ce.