Ramin Kuza

Jiya bayan la'asar na je Rayfield na zauna a bakin ruwa ni kaɗai, sanyin Jos yana ratsa rigata. Wata uku ke nan da na rufe shagon yadina, har yau in na bi ta Terminus sai in kau da kai.

Tafkin nan fa asalinsa rami ne. Masu haƙar kuza suka tone shi, suka kwashe abin da suka zo nema, suka bar wa ƙasa gyambo. Da ruwa ya zo bai tsaya gardama kan siffar ramin ba. Ya bi kowane lungu ya kwanta, inda ya tarar da dutse ya kewaye shi. Yau ga mutane cikin kwalekwale a kansa suna ɗaukar hoto.

Na jefa tsakuwa, ya buɗe ya haɗiye, ya koma lum. Ni kuwa maganar da wani ya yaɓa min tun bara tana nan a ƙirjina, kullum sai na juya ta.

Yaya ya daɗe yana cewa in zo mu riƙa kai dankalin Turawa Abuja, ina ta noƙewa, wai ni ɗan yadi ne. Daga bakin ruwan na kira shi. Ranar Litinin za mu yi lodin farko.