Hayar Gida ta Kwana Kaɗan: Aikin da Ke Tsakanin Fitar Baƙo da Shigowar Wani

Mutane da yawa suna ɗaukar mai ba matafiya hayar gida ta kwana biyu ko mako guda a matsayin mai gidan haya da ya ƙara wayo, wanda yake karɓar kuɗinsa dare-dare maimakon ya jira ƙarshen wata ko shekara. Ni da nake tafiyar da ƙaramin kamfani mai kula da irin waɗannan gidaje, waɗansu namu, waɗansu kuma na mutanen da suka damƙa mana amanarsu muna cire kasonmu, na san cewa sana'ar ta fi kusa da aikin otal nesa ba kusa ba. Mai hayar dogon lokaci yana miƙa makulli sau ɗaya ya kama gabansa, mu kuwa muna miƙa shi sau da yawa a wata guda, kuma kowace miƙawa tana tafe da wanki da shara da amsa saƙonni da lissafi. Hajarmu dare ce, kuma daren da ya wuce babu kowa a gida ba a iya ajiye shi a sayar gobe.

Ba da masauki a karɓi kuɗi daɗaɗɗen abu ne, amma intanet ce ta mayar da shi kasuwar da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya shiga ba tare da ya gina otal ba. Shafin Vrbo ya fara aiki a Amurka a 1995, Booking.com kuma ya samo asali ne a ƙasar Holan a 1996. Airbnb, wanda sunansa ya kusa zama sunan sana'ar baki ɗaya, ya faro ne a 2007, lokacin da Brian Chesky da Joe Gebbia suka shimfiɗa katifun iska a gidansu da ke San Francisco domin mahalarta wani taro da suka rasa ɗaki a otal, sannan aka kafa kamfanin a 2008 tare da Nathan Blecharczyk. Waɗannan shafuka su ne suke kawo mana yawancin baƙi, kuma ba kyauta suke yi ba, domin kamashon da ake cirewa yakan kai kusan kashi 15 cikin ɗari na kuɗin kwanan, ko dai a cire shi duka daga aljihun mai masauki, ko a raba shi tsakaninsa da baƙo. Duk wanda ya yanka farashi bai sa wannan a lissafi ba, yana yi wa wani aiki ne.

Lissafin da ya fi ruɗar sabon shiga shi ne na kalanda. Sai ya ɗauki kuɗin dare ɗaya ya ninka shi sau 30 ya ce ga abin da gida zai kawo a wata, alhali babu gidan da yake cika kowane dare a duk tsawon shekara. Akwai lokacin da kasuwa take ci, kamar hutun makarantu da ƙarshen mako da ranakun manyan taruka, akwai kuma watannin da waya takan yi shiru. Saboda haka ba ma barin farashi ɗaya ya zauna daram. Muna ɗaga shi idan buƙata ta yi yawa, muna sauke shi idan rana ta matso kuma babu wanda ya kama. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne daren da ya maƙale shi kaɗai tsakanin baƙi biyu, wato wani ya fita ranar Talata, wani zai shigo ranar Laraba da yamma, kuma ƙa'idarmu ta ce ba a kama ƙasa da dare biyu. Irin wannan dare sai an bi shi da hannu, a sassauta ƙa'idar a kansa, ko a yi wa baƙon da ke ciki tayin ya ƙara kwana da rangwame. Haka kuma idan gida ɗaya yana kan shafuka uku, wajibi ne kalandunsa su kasance a haɗe ta manhajar da ke rufe ranar a ko'ina da zarar an kama ta a wuri ɗaya, in ba haka ba wata rana iyali biyu za su tsaya a bakin ƙofa ɗaya, kowa da shaidar biyansa a waya.

Sai dai a ganina zuciyar sana'ar tana cikin 'yan sa'o'in nan da ke tsakanin fitar baƙo da hantsi da shigowar na gaba da la'asar. A cikin wannan ɗan taƙin ne ake cire zanin gado da rigunan matasai da tawul, a shimfiɗa waɗansu, shi ya sa kowane gado a wurinmu yake da zannuwa kashi uku: ɗaya a kan gado, ɗaya a wurin wanki, ɗaya a kabad. Mai aikin tsafta tana buɗe firji ta fitar da abin da aka bari, tana leƙa ƙarƙashin gado inda cajar waya da safar yaro suka saba ɓuya, tana ciro gashin da ya taru a magudanar banɗaki, tana kunna kowane ƙwan lantarki da kowane famfo domin ta tabbatar yana aiki, sannan ta ƙirga cokula da kofuna. Kafin ta rufe ƙofa tana ɗaukar hoton kowane ɗaki ta turo mini, domin idan an sami ɓarna daga baya, hoton ne zai nuna a hannun wa ta faru. Daga nan sai a sauya lambar sirrin kwadon ƙofa, a aika wa mai zuwa tare da kwatancen hanya. Baƙo ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan aiki, amma silin gashi guda a kan farin matashi ya ishe shi ya yanke wa gidan hukunci, kuma ba zai saurari cewa an goge sauran wuraren tas ba. Don haka masu aikin tsafta su ne mutanen da na fi kiyaye haƙƙinsu a kamfanin, ina biyan su a kan kari ko da kasuwa ta yi sanyi, domin samun wanda zai yi aikin da babu mai duba shi kamar ana duba shi ya fi samun sabon gida wuya.

Talla kuwa tana farawa ne daga hoto. Mai neman masauki yana jan yatsa a kan waya yana wuce gidaje da dama a cikin minti ɗaya, hoton farko ne kawai zai tsayar da shi, saboda haka muna ɗaukarsa da rana, labule a buɗe, kuma muna sa abin da ya bambanta gidan da na maƙwabta a gaba, ko baranda ce ko faffaɗan falo. Amma ina hana mai ɗaukar hoto amfani da gilashin kyamarar da ke mayar da ƙaramin ɗaki fili, kuma a cikin bayanin gida muna faɗin aibinsa da bakinmu: hawa na uku ne babu lif, titin yana da hayaniya da safe, wurin ajiye mota ɗaya ne tak. Waɗansu masu gidajen sukan ce mini wannan korar kasuwa ce. Amsata ita ce, wanda ya karanta ya fasa bai cuce mu da komai ba, wanda ya zo da zaton abin da babu shi ne zai bar mana sharhin da zai zauna a shafin shekara da shekaru.

Sharhin baƙi shi ne ainihin jarin da ba a gani. A Airbnb, baƙo da mai masauki suna da kwana 14 su rubuta ra'ayinsu, kuma babu wanda yake ganin na ɗan'uwansa sai dukansu sun rubuta ko wa'adin ya cika, wanda hakan ya rage ramuwar gayya. Kafin a ba mutum lambar da suke kira Superhost, sai matsakaicin makinsa ya kai 4.8 cikin 5, yana amsa aƙalla kashi 90 na saƙonni cikin sa'o'i 24, kuma sokewar da ta fito daga ɓangarensa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ma'anar wannan ita ce tauraro huɗu, wanda a wani wurin yabo ne, a nan koma baya ne. Abin lura kuma shi ne baƙi ba su cika hukunta mu a kan lalacewar abu ba, sun fi hukunta mu a kan jinkirin gyara. Injin ruwan zafi yana iya mutuwa da tsakar dare a kowane gida. Bambancin shi ne ko akwai wanda zai ɗaga waya, da kuma ko mai gyaran famfo zai zo da sassafe saboda an saba biyan sa ba tare da ja-in-ja ba.

Dogaro da shafi ɗaya kacokan haɗari ne, kuma shekarar 2020 ta nuna wa kowa haka, lokacin da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, aka soke kamun ɗakuna rututu, aka mayar wa baƙi kuɗinsu bisa shawarar da ba masu masauki ne suka yanke ba. Shi ya sa muke da namu ɗan shafin, muke kuma kula da baƙin da suke dawowa, waɗanda ba sa buƙatar a sake shawo kansu. A watannin da kasuwa ta ja baya mukan karkata ga masu zama na wata guda ko biyu, irin ma'aikatan da aka turo aiki na wucin gadi, domin ribar ta fi ƙanƙanta amma wahalar sauya zannuwa ta ragu.

Doka ma ba abar wasa ba ce a wannan harka, kuma kowane birni da tasa. A Landan ba a yarda a ba da gida sukutum haya irin wannan fiye da dare 90 a shekara ba sai da izini na musamman, a Amsterdam an ƙayyade dare 30 a 2019, Japan kuma ta sa iyakar kwana 180 a dokarta ta 2018. Birnin New York ya fara aiwatar da dokar da ta tilasta rajista a watan Satumba na 2023, wadda ta ce idan zaman bai kai kwana 30 ba dole mai gida ya kasance a ciki, baƙi kuma kada su wuce biyu. A 2024 hukumomin Barcelona suka ba da sanarwar cewa lasisin gidaje kusan 10,000 zai ƙare a 2028 ba tare da sabuntawa ba. Dalilin duk wannan shi ne kukan mazauna cewa gidajen zama suna komawa masaukin 'yan yawon buɗe ido, haya tana tsada, kuma ko da yake cikin sana'ar nake, ban ga yadda za a ce kukan nasu ba shi da tushe ba. Maƙwabcin da aka hana barci shi ne yake kai ƙara, don haka kowane maƙwabci yana da lambar wayarmu, kuma an haramta shagali a gidajenmu, haramcin da Airbnb ma ya mayar na dindindin a 2022. Kyamara a cikin ɗaki kuwa ba ma sa ta ko kusa, Airbnb ma ya hana ta gaba ɗaya a 2024.

Idan mai gida ya zo yana son mu karɓi nasa, kafin mu yi maganar kaso nakan tambaye shi ko dokar wurin da yarjejeniyar ginin sun yarda da irin wannan haya, ko inshorarsa ta shafi baƙi masu biya, domin ta gidan zama sau da yawa ba ta shafe su ba, da kuma ko ya amince a ware wani abu daga kuɗin kowane wata saboda katifa da fenti da tawul da za su tsufa da wuri fiye da yadda ya saba. Wanda ya ce a bar maganar ajiyar sai abin ya lalace, nakan ba shi shawarar ya nemi ɗan haya na shekara.