Ɗaga ƙarfe: inda muka kwana a wata na biyu

'Yan uwa masu koyon ɗaga ƙarfe, ƙarfin da muka samu a makonnin farko yawancinsa aikin jijiyoyi ne: ƙwaƙwalwa ce ta ƙware wajen sarrafa tsoka. Kumburin damtse na lokacin kuwa akwai ruwa a ciki. Yanzu ne ainihin ginin tsoka ke farawa.

Idan tsoka ta yi ja-in-ja da nauyi, zaruruwanta kan ji matsin, su tayar da wani gungun furotin mai suna mTORC1 da ke cikin ƙwayar halitta. Shi ke ba da umarnin a ƙera sabon furotin a jera shi cikin zaren, zaren ya yi kauri. A 2001 an gwada a kan ɓeraye: da aka toshe aikin mTORC1 da maganin rapamycin, tsokar da aka ɗora wa nauyi ba ta yi girman kirki ba.

Umarnin ba ya daɗewa. Ƙirar furotin kan hau na awa 24 zuwa 48 bayan atisaye, sannan ta sauka. Shi ya sa muka koma taɓa kowace tsoka sau 2 a mako, zagaye 10 zuwa sama gaba ɗaya. A kowane zagaye ana ɗagawa sau 6 zuwa 12, a tsaya lokacin da saura ɗagawa 1 ko 2 hannu ya gaza. Wanda ƙarfensa ba shi da nauyi sosai kada ya damu, ya ƙara yawan ɗagawa har ya kusa gazawa, sakamakon kusan ɗaya ne.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne bin tsamin jiki. Tsami ba shi ne ma'auni ba. In an yi wa tsoka lahani da yawa, furotin ɗin da aka ƙera gyara zai tafi yi. Sai kuma zama a kan nauyi ɗaya wata da watanni, tsoka ta saba, umarnin ya yi sanyi. Duk ranar da ɗagawa 12 ta zo da sauƙi, a ƙara kilo 1 ko 2.

Abinci kuwa, gram 1.6 na furotin a kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 na buƙatar kimanin gram 112, a raba gida uku ko huɗu. Ƙwai ɗaya gram 6 ne kacal, don haka sai an haɗa da kifi, awara, wake da nono.