Godiya ga mutanen layinmu, musamman Hajiya mai ɗinki

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi, Alhamdulillahi ala kulli halin.

Yau kwana uku kenan da tashi daga taron Halowin da muka shirya wa yaran layinmu a Bronx amma sai yanzu hannuna ya daina rawa har na iya riƙe waya in yi dogon rubutu. Jiya na yi barcin awa goma sha ɗaya. Rabona da barci irin wannan tun watan Agusta da muka shigar da takardar neman izinin rufe layi, don a nan New York sai ka nema da wajen kwana 60 kafin ranar, ga kuma izinin lasifika shi ma daban a wajen 'yan sandan unguwa, ga taron ƙungiyar layi da ba ya ƙarewa. Ƙafafuna har yanzu a kumbure suke, muryata ta dishe, ɗakina kuwa ba wajen sa ƙafa saboda kwalaye da ragowar kabewa. Amma an yi lafiya an gama lafiya, ba yaron da ko ƙwarzane ya samu, kowa ya koma gidan uwarsa da ledar alawa. Wallahi wannan kaɗai na dinga roƙon Allah sati biyu.

Ba zan maimaita abin da ya faru ba, kun bi komai tun daga ranar da aka yage fastocinmu, kun ga munanan saƙonnin da aka dinga turo min a Facebook, kuma wannan bidiyon na minti ɗaya da rabi, na mutumin da ya kutso mana cikin taro, ya zaga har Kano har Kumasi, mutanen da rabona da su shekara goma sun kira ni. Na gode da kiran. Abin da bidiyon bai ɗauka ba shi nake so in faɗa.

Amma bari in fara da masu tambayata ta inbos wai me ya kai Bahaushe bikin Halowin. 'Yan uwa, ranar 31 ga Oktoba duk yaron da ke Bronx ɗin nan zai fita, ko ka so ko ka ƙi zai ga 'yan ajinsu sun yi shigar burtu suna bi shago shago ana ba su alawa. Al'adar mutanen Ireland ce tun asali, su suka zo da ita Amurka, yanzu ta zama ta kowa. Ni kuma ranar da na fara ganinta shekarar da na zo ƙasar nan tsayawa na yi a bakin tashar jirgin ƙasa ina kallo hawaye na zubo min, don tashe na gani. Tashe sak. Yara da gemun auduga, da tumbin tsumma, ana bi gida gida bayan an sha ruwa daga goma ga azumi. Ina ɗan shekara tara na fara ɗaura zanin Innarmu da ɗankwalinta a tashe, yayana yana buga gwangwani a bayana, matan gida suna dariya har da riƙe ciki suna zuba mana gero da kwabbai. A wannan daren na fara sanin daɗin sa mutane farin ciki. Abin da nake yi yau a kan dandali, wanda a nan ake kira dirag, in yi shigar mata da kwalliya in yi waƙa da rawa in gabatar da taro, daga wannan zanin ya faro. Na san sunan da wasunku suke kirana da shi, na ji, ba yau zan amsa wannan ba.

Akwai babban fareti da ake yi a unguwar Greenwich Village ta Manhattan tun shekarun 1970, ana bin titin Sixth Avenue da manyan 'yan tsana masu tsayin bene, na sha shiga. Amma da daddare ake yi, cunkoson ya wuce misali, uwa mai yara huɗu da ta tashi daga aikin kula da tsofaffi ƙarfe shida ba za ta kwashi yara a jirgi zuwa Manhattan ba. Shi ya sa muka ce mu yi namu a ƙofar gida, ranar Asabar, da rana tsaka, a tashi kafin magariba. Iyakar abin kenan.

To wajen biyar saura kwata ne, rana ta fara yin sanyi, muna tsakiyar gasar shiga ta ƙananan yara. Ina kan dandalin da muka haɗa da katako, makirfo a hannuna, na kira wata 'yar yarinya da ta yi shigar malam buɗe littafi, tana tafe tana riƙe fikafikanta kar iska ta kwashe. Sai na hango wani mutum ya tsallake shinge. Kun ji abin da yake faɗa, kalmomin da ke cikin saƙonnin nan ne ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na gane. Hannunsa na dama yana cikin aljihun jaket.

Wanda ba ya wannan sana'ar a ƙasar nan ba zai gane abin da hannu a cikin aljihu yake nufi a wajenmu ba. Daren 19 ga Nuwamba 2022 wani ya shiga gidan rawa na Club Q a garin Colorado Springs da bindiga ya kashe mutum 5, kuma a daren an yi wasan dirag a wajen. Tun daga ranar duk inda zan hau dandali sai na fara duba ƙofar fita. A 2023 jihar Tennessee har doka ta yi kan irin wasanmu a gaban yara, aka yi ta kai ruwa rana a kotu. Duk wannan yana kaina. Kuma ga ni a tsaye cikin takalmi mai tsini da ko sauri ba zan iya da shi ba, ga yara sun fi sittin zaune a kan tabarma tsakanina da shi. Abin da ya zo min a rai shi ne ni na tara su. Ni na bi gida gida na ce wa iyayensu su kawo su. Na yi kalmar shahada a zuciyata, na roƙi Allah in dai wani abu zai faru to ya tsaya a kaina ni kaɗai. Bakina ya ƙi buɗuwa, makirfo yana hannuna amma ko a kwashe yara na kasa cewa.

Sai ga Hajiya.

Na san ba ɗabi'armu ba ce a tsaya ana kiran mutum a bainar jama'a ana yabonsa, kuma na san za ta yi min faɗa in aka karanta mata wannan, amma Hajiya ki yi haƙuri, yau kam sai na faɗa. Duk layin nan an san Hajiya mai ɗinki, 'yar Zangon Kumasi, wadda kekenta yake kuka har sha biyun dare in sallah ta matso. Abin da ba ku sani ba shi ne tun watan Satumba na kai mata leshina ruwan zinare in ce ta ɗinka min rigar taron, ta kalli leshin ta kalle ni ta ce, ɗan nan, ni ba zan sa almakashina a wannan ba, kai shi wani wajen. Ban ji haushi ba don ba ta taɓa ɓoye min ra'ayinta ba. Amma kayan yara ta ce a kawo. Riga ashirin da uku ta ɗinka wa yaran da iyayensu ba su da halin sayen na kanti, ko kuɗin zare ba ta karɓa ba. Sharaɗinta ɗaya ne, ba ta ɗinka na fatalwa ko na shaiɗan, sai likita da ɗan kwana-kwana da zaki da malam buɗe littafi. Ranar taron kuma ta kafa teburinta can ƙarshen layi, nesa da dandali, tana suyar ƙosai tana raba koko.

Daga can ta taso. Mace mai shekara sittin da wani abu, mai ciwon gwiwa, da hijabinta har ƙasa da matsamin ƙosai a hannu don ko ajiyewa ba ta tsaya yi ba. Ta ratsa ta cikin yara ta je ta tsaya a gabansa, bayanta yana wajena. Da ɗan Turancinta ta ce masa ya tafi gida, nan akwai yara. Ba ta ɗaga murya ba. Sau uku ta faɗa. Sai kakar nan 'yar Dominika ta bene na uku ta zo ta tsaya kusa da ita, sai Maman 'yan biyu, sai matan suka dinga tasowa ɗaya ɗaya har na daina ganin fuskarsa. Sauran kun gani, yadda su Alhaji mai tasi suka raka shi har bakin shinge da yadda 'yan sanda suka zo daga baya. Waya ce a aljihun nasa. Amma Hajiya ba ta san waya ba ce lokacin da ta tsaya.

A nan bidiyon ya ƙare. Ni kuma garin saukowa tsinin takalmina ya maƙale a katako, rigar ta yage tun daga kafaɗa har ƙugu, na lallaɓa bayan motar da muka ɗauko kujeru na zauna a ƙasa ina kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Innarmu, hoda da kwalli duk sun caɓe, gashin kanti ya karkace, jikina ba inda ba ya kakkarwa. Na riga na yanke a raina taro ya tashi. Ina nan sai na ga silifas ɗinta a gabana. Ta buɗe jakarta ta ciro allura da zare, ta ce tashi tsaye. Na tashi. Ta ce tsaya cak kar allura ta soke ka. Rigar da ta ƙi yankawa ita take ɗinkewa a jikina, baƙin zare kaɗai gare ta a jakar, da shi ta yi. Tana ɗinki tana magana ƙasa ƙasa ba ta ko kalli fuskata ba, ta ce, ɗan nan, ina nan kan bakana, ban yarda da wannan abin naka ba kuma gobe ma in ka zo gaishe ni zan faɗa maka. Amma kai ɗan mutane ne, uwarka ba ta duniya, ba za a taɓa ka a ƙofar gidana ina kallo ba. Ta ciji zaren ta tsinke, ta miƙo min gefen hijabinta ta ce share fuskarka, ka yi wa yara alkawarin kyauta, suna can suna jira.

Na koma na hau. 'Yar malam buɗe littafin nan ita ta ci na ɗaya.

Hajiya, Mama, ban san da wane baki zan gode miki ba. Allah ya saka miki da gidan aljanna. Allah ya ba ki lafiyar gwiwar nan, ya sa ki sake taka Makka da ƙafarki. Allah ya raya miki zuri'a, ya tsare su a duk inda suke, yadda kika tsaya a gabana Allah ya tsayar musu da wani a ranar da ba kya kusa. Allah ya jiƙan Alhajinki, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sa kekenki kar ya taɓa rasa aiki, ya sa ki gama da duniya lafiya. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Sai su Alhaji mai tasi da abokan aikinsa uku da suka bar aikin Asabar, ranar da ta fi kawo musu kuɗi, suka gindaya motocinsu a bakin layi ta kowane ɓangare tun sha ɗaya na safe. Alhaji ya ce min shi ba don ni ya zo ba, don jikokinsa ya zo, na ce Baba hakan ma ya ishe ni. Allah ya tsare muku hanya, ya kare ku daga sharrin ƙarfe. Mai shagon kwana ɗan Yaman da ya ba mu katan shida na ruwa ya kuma bar mu muka ja wuta daga shagonsa, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Maman 'yan biyu da ta tashi da asuba ta bi ni kasuwar Hunts Point muka ɗauko kabewa, ta zauna da yara suna fafe su har hannunta ya yi kanta. Cocin ƙarshen layi da suka ara mana kujeru da tebura. 'Yan uwana na dandali su biyu da suka zo daga Brooklyn suka yi wa yara zanen fuska awa huɗu ba su karɓi ko sisi ba, kuma da abin ya faru su suka fara janye ƙananan zuwa cikin bene. Matasan da suka share layi har muka mayar da shi fes kafin a buɗe wa motoci. Wanda na manta ya yafe min, kaina bai gama dawowa daidai ba.

Na ajiye kujeru huɗu a gaba, na rubuta iyali a jikinsu. Newark, inda suke, zuwa nan ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba in hanya da sauƙi. Ban ce dole a zo ba, na san akwai nauyi, na san bakin mutane, kuma Allah ya sani ban riƙe kowa ba. Sai dai bayan bidiyon ya fita na yi ta duba waya ko zan ga layi ɗaya, ko kana lafiya kawai, daga wanda ya buga min gwangwani a tashen nan. Har yanzu ina dubawa. Yaya, lambata ba ta canza ba. Yaranka da na ɗinka wa kaya a raina ban gan su ba, alawarsu tana nan a leda na ɗaure.

Kujerun dai ba su zauna haka nan ba, kakar bene na uku da ƙawayenta ne suka zauna a kai har aka tashi.

Gobe Laraba da yamma za mu mayar da teburan coci, mai ƙarfi a jika ya zo ya taimaka don ni bayana ya riƙe. Akwai jaket ɗin yaro shuɗi da takalmi ƙafa ɗaya da fikafikan malam buɗe littafi da aka bari, suna shagon kwana, mai su ya je ya karɓa. Masu cewa in kai rigar a warware baƙin zaren a sa na zinare, na gode, amma a bar min ita haka. Yanzu zan sauka in je in gaida Hajiya, ta aiko tun safe wai in zo in karɓi koko kafin ya huce.